FASHIN BAƘI: Yadda rikicin cinikayyar Amurka da Chana ke sauya inda ake ƙera na'urori, da abin da zai iso kasuwanninmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban teburin mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ya ga yadda ake ɓare bayan wayar a fito da wani ɗan allo da aka jera wa baƙaƙen ƙwayoyi, wasunsu ba su kai girman farce ba. Masu gyara suna kiran su aisi. Idan mai gyara ya girgiza kai ya ce maka aisi ne ya ƙone, ka san aljihunka zai ji a jikinsa. A kan waɗannan ƙwayoyi na silikon ne ƙasashe biyu mafiya ƙarfin tattalin arziki a duniya suke ta kai ruwa rana tun shekarar 2018.

Ɗauki wayar Tecno ko Infinix. Kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Chana shi ne mai su, shi ne kuma mai itel, kuma kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Sai dai babbar ƙwayar da ke sarrafa da yawa daga cikin waɗannan wayoyi kamfanin MediaTek na Taiwan ne ya zana ta, bisa tsarin asali na kamfanin Arm da ke Cambridge a Ingila. Wani kamfanin na Taiwan, TSMC, shi ke ƙera ta da injunan da ya sayo daga Holan da Amurka da Japan. Ƙwayar adana bayanai sau da yawa daga Koriya ta Kudu take fitowa. Manhajar Android kuwa ta Google ce, kamfanin Amurka. Kafin waya guda ta iso hannun ɗalibi a Zariya, ta ratsa ƙarƙashin ikon gwamnatoci aƙalla shida, kuma kowace daga cikinsu tana iya tare hanya.

An shafe shekara talatin ana gina wannan tsari bisa zaton cewa babu gwamnatin da za ta tare hanyar, tunda kowa na samun rabonsa. Wannan zaton ne ya rushe.

Daga haraji zuwa takunkumi

A ranar 6 ga Yuli, 2018, gwamnatin Donald Trump ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan kayan Chana na dala biliyan 34, Chana kuma ta rama nan take. Kafin ƙarshen 2019 harajin ya shafi kayan da kuɗinsu ya kai kimanin dala biliyan 370. Ƙorafin Washington shi ne, Chana na tilasta wa kamfanonin waje su miƙa sirrin fasaharsu kafin a ba su kasuwa, tana kuma zuba wa masana'antunta tallafi har su durƙusar da na wasu. Shirin nan na “Ƙirar Chana 2025” da Beijing ta ƙaddamar a 2015, wanda ya lissafa fannoni goma da take son zama jagora a cikinsu, ya ƙara hura wutar zargin.

Akwai kuskuren da 'yan siyasa ke yawan maimaitawa da gangan, wato cewa ƙasar da aka ɗora wa haraji ita ke biya. Ɗan kasuwar da ya shigo da kwantena ta tashar Apapa ya san shi ke biyan kwastam, sannan ya ɗora a kan farashi, mai saye ya biya. Haka abin yake a Amurka. Lokacin da aka ɗora haraji a kan injunan wanki a farkon 2018, masana tattalin arziki na Babban Bankin Amurka da Jami'ar Chicago sun bi diddigin lamarin, suka gano cewa farashin injunan ya tashi da kusan kashi 12 cikin 100, kuma kowane gurbin aiki guda da aka samar ya ci wa masu saye sama da dala 800,000 a shekara.

Haraji dai tsohon makami ne. Sabon makamin ya fara bayyana a Afrilun 2018, lokacin da Ma'aikatar Cinikayyar Amurka ta haramta sayar wa kamfanin sadarwa na ZTE kayan Amurka, saboda ya karya takunkumin da aka sa wa Iran da Koriya ta Arewa. Cikin 'yan makonni kamfanin mai dubun dubatar ma'aikata ya sanar da dakatar da manyan ayyukansa. Sai da ya biya tarar dala biliyan 1 aka ɗage masa. Washington ta ga ƙarfin abin da ke hannunta. Beijing ma ta gani, kuma ba ta manta ba.

Huawei ne ya biyo baya. A watan Mayun 2019 aka sa shi cikin jerin kamfanonin da ba a yarda a sayar musu da fasahar Amurka ba sai da izini, sabbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google irin su Gmail da YouTube. Duk da haka, a tsakiyar 2020 Huawei ya zama kamfanin da ya fi kowa sayar da wayoyi a duniya na tsawon wata uku. Sai Amurka ta ƙara ɗaure igiyar da wata doka da ta kamata a fahimce ta sosai, domin ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya: duk masana'antar da ke amfani da inji ko manhajar Amurka wajen ƙera ƙwaya, ko a wace ƙasa take, dole ta nemi izinin Washington kafin ta sayar wa Huawei. Tunda babu babbar masana'antar da ba ta amfani da kayan Amurka, dokar ta kama kowa. TSMC ya daina kai wa Huawei kaya a Satumbar 2020. Huawei ya sayar da sashensa na wayoyin Honor, kuma kuɗin shigarsa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a 2021.

Mutane da yawa sun zaci Joe Biden zai warware wannan ƙulli. Bai cire harajin Trump ba, ya ma ƙara: a 2024 ya kai harajin motocin lantarkin Chana kashi 100 cikin 100. A ranar 7 ga Oktoba, 2022, gwamnatinsa ta faɗaɗa takunkumin daga kamfanoni ɗaiɗai zuwa ƙasar baki ɗaya, ta hana sayar wa Chana manyan ƙwayoyin Nvidia da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, da injunan ƙera ƙwayoyi na sahun gaba. A kan wannan batu, jam'iyyun Amurka biyu bakinsu ɗaya.

Inji ɗaya a wani ƙaramin gari

Domin a gane dalilin da ya sa takunkumin ke cizo, sai an leƙa Veldhoven, wani ƙaramin gari a kudancin Holan. A can kamfanin ASML yake, kuma shi kaɗai ne a duniya ke ƙera injin da ake zana mafi ƙanƙantar layuka a kan silikon da shi.

Ƙwayar silikon tamkar birni ce da aka zana a kan farce, mai biliyoyin makunnai da hanyoyin da suka haɗa su. Da haske ake yin zanen, kuma gwargwadon siririn hasken, gwargwadon yawan makunnan da za a iya cusawa. Injin ASML yana amfani da haske mai tsawon zango nanomita 13.5, nanomita kuwa shi ne abin da za ka samu idan ka raba milimita ɗaya gida miliyan. Domin samar da wannan haske, ana harbin ɗigon narkakken kuza da hasken leza sau 50,000 a cikin daƙiƙa guda. Madubin da ke juya hasken kamfanin Zeiss na Jamus ne ke yin sa, wani muhimmin sashe na tushen hasken kuma daga Amurka yake. Injin ya kai girman motar safa, sai an rarraba shi a jiragen sama na ɗaukar kaya kafin ya isa inda za shi, farashinsa na kusantar dala miliyan 200, sabon samfurin kuma ya kusa ninka haka.

Ba a taɓa kai wa Chana irin wannan inji ko guda ba. Tun 2019 gwamnatin Holan, bisa matsin lambar Amurka, ta ƙi ba da lasisin fitar da shi, a 2023 kuma Holan da Japan suka ƙara taƙaita wasu injunan da ke ƙasa da shi.

Babban mai sayen waɗannan injuna shi ne TSMC, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin da suka fi ci gaba a duniya daga masana'antunsa suke fitowa. Mafi yawan masana'antun suna kan tsibirin da Beijing ke cewa nata ne, kuma ba ta taɓa cire amfani da ƙarfi daga lissafinta ba. Shi ya sa batun da ya fara a matsayin ciniki yake ƙarewa a teburin hafsoshin soja.

Abin da ke hannun Beijing

An daɗe ana kallon wannan faɗa a matsayin na ɓangare ɗaya: Amurka na duka, Chana na kāre kai. Shekarar 2025 ta nuna ba haka ba ne.

Akwai wasu sinadarai 17 da Turawa ke yi wa laƙabi da ma'adanai masu wuyar samu. Laƙabin yana ɓatar da mutane, domin ana samun su a ƙasashe da dama. Wahalar tana wajen raba su da juna da tace su, aiki mai ƙazanta da ke barin guba a ruwa da ƙasa, wanda ƙasashen Yamma suka yi farin cikin barin wa Chana tun shekarun 1990. Ma'adinar Mountain Pass da ke California, wadda ta taɓa zama ta farko a duniya, ta daina haƙa a 2002. A yau Chana ke haƙo kusan kashi 70 cikin 100 na waɗannan ma'adanai, ita ke tace kusan kashi 90. Da su ake yin maganaɗisu mai ƙarfi da ke cikin injin motar lantarki, da lasifikar waya, da jiragen yaƙi, da makamai masu linzami.

Beijing ta taɓa gwada wannan makami a kan Japan a 2010, bayan wata taƙaddama a kan teku. A 2023 ta fara neman lasisi kafin a fitar da galiyom da jamaniyom, a Disambar 2024 ta haramta kai su Amurka. Da Trump ya dawo mulki ya sanar da sabon haraji a kan kusan kowace ƙasa ranar 2 ga Afrilu, 2025, aka shiga ramuwar gayya har harajin Amurka a kan kayan Chana ya kai kashi 145, na Chana kuma 125. Amma matakin da ya fi tasiri shi ne wanda bai ja hankalin kanun labarai sosai ba a lokacin: ranar 4 ga Afrilu Chana ta sa dokar lasisi a kan bakwai daga cikin waɗannan ma'adanai da maganaɗisun da ake yi da su. A watan Mayu kamfanin Ford ya rufe masana'antarsa ta Chicago na tsawon mako guda saboda rashin maganaɗisu, Suzuki ma ya dakatar da ƙera motar Swift a Japan.

Nan da nan aka koma teburi. A Geneva, cikin watan Mayu, aka sauko da harajin zuwa kashi 30 da kashi 10. A watan Oktoba wuta ta sake tashi, Chana ta fito da wata doka da ta kwaikwayi wadda aka ɗaure Huawei da ita kusan kalma da kalma: duk kayan da aka ƙera a ko'ina, muddin akwai ɗan ma'adinin Chana a ciki, sai da izinin Beijing. Ranar 30 ga Oktoba Trump da Xi Jinping suka gana a birnin Busan na Koriya ta Kudu. Chana ta jingine sabuwar dokar na shekara guda, Amurka ta rage haraji, ta kuma jingine wata sabuwar doka tata da za ta faɗaɗa takunkumin zuwa rassan kamfanonin Chana. Abin da Washington ta daɗe tana cewa batun tsaro ne da ba a ciniki a kansa, sai ga shi a kan faifan ciniki.

A cikin wannan wata ne Turai ta ɗanɗana nata rabon. Gwamnatin Holan ta karɓe ikon kula da Nexperia, kamfanin da hedikwatarsa ke Nijmegen amma mallakar wani kamfanin Chana ne mai suna Wingtech. Beijing ta hana fitar da kaya daga masana'antar Nexperia da ke Dongguan, inda ake kammala mafi yawan ƙwayoyinsa. Ƙwayoyin nan ba na sahun gaba ba ne, wasunsu kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma mota ba ta kammaluwa sai da su. Honda ya tsayar da aiki a masana'antarsa ta Meziko. Duk hankalin masu tsara manufofi yana kan ƙwayoyi masu tsada, sai aka ga ashe masu arha ma na iya tsayar da masana'anta.

Shin masana'antun na komawa gida?

Alƙawarin da ake yi wa masu zaɓe a Amurka shi ne haraji zai dawo da masana'antu gida. Alƙaluma sun nuna wani abu ya motsa. Kason Chana a cikin kayan da Amurka ke shigowa da su ya sauko daga sama da kashi 21 cikin 100 a 2017 zuwa ƙasa da kashi 14 a 2024, Meziko kuma ta karɓe matsayi na farko tun 2023. Sai dai inda kayan suka koma shi ne Biyetnam da Indiya da Meziko, kuma idan aka buɗe na'urar da aka rubuta wa “ƙirar Biyetnam”, sau da yawa baturinta da gilashinta da allonta daga Chana suka fito, wani lokaci ma kamfanin Chana ne ya gina masana'antar. Hanyar ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru, dogaron kuma yana nan. Rarar cinikin Chana da sauran duniya ta kusa dala tiriliyan 1 a 2024, ta kuma haura hakan a 2025.

Apple shi ne misali mafi bayyana. Shugabansa Tim Cook ya ce a watan Mayun 2025 mafi yawan wayoyin iPhone da za a sayar a Amurka a wannan zango daga Indiya za su fito, sauran na'urorin kamfanin kuma daga Biyetnam. Trump bai ji daɗin hakan ba, ya yi barazanar harajin kashi 25 idan ba a Amurka aka ƙera su ba. Beijing ma ba ta ji daɗi ba: kafar Bloomberg ta ruwaito cewa Foxconn, mai haɗa wa Apple wayoyi, ya mayar da ɗaruruwan injiniyoyinsa 'yan Chana gida daga Indiya. Ita Indiyar da ake gudu zuwa cikinta, a watan Agusta aka ninka mata haraji zuwa kashi 50 saboda sayen man Rasha, ko da yake an keɓe wayoyi. Kamfanin da ya kashe biliyoyi ya gudu daga wata ƙasa ba shi da tabbacin cewa inda ya sauka ba zai zama abin hari gobe ba.

Inda aka ga sauyi na haƙiƙa shi ne a ƙera ƙwayoyin kansu, kuma da kuɗin gwamnati aka saye shi. Dokar da Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta ware dala biliyan 52.7. TSMC, wanda ya fara da alƙawarin zuba dala biliyan 12 a jihar Arizona a 2020, ya kai alƙawarin zuwa biliyan 165 a Maris na 2025, kuma masana'antarsa ta farko a can ta fara aiki. Ya buɗe wata a Kumamoto ta Japan, yana gina wata a Dresden ta Jamus. A Agustan 2025 gwamnatin Amurka ta mallaki kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarin Intel, Ma'aikatar Tsaro kuma tun a Yuli ta zuba dala miliyan 400 a kamfanin da ke da Mountain Pass, tare da lamunin farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba. Ƙasar da ta shafe shekaru tana koyar da mu, ta bakin Bankin Duniya da Asusun Lamuni, cewa gwamnati ba ta da hurumi a kasuwanci, ita ce yau ke sayen hannun jari a masana'antu tana ƙayyade farashi. Waɗanda iyayensu suka rasa aiki a zamanin SAP suna da haƙƙin su lura da wannan.

Ba kowane alƙawari ke cika ba. A 2017 Foxconn ya yi alƙawarin masana'antar dala biliyan 10 da guraben aiki 13,000 a jihar Wisconsin. A 2021 aka sake rubuta yarjejeniyar, jarin ya koma dala miliyan 672, guraben aiki ƙasa da 1,500. Morris Chang da kansa ya taɓa cewa ƙera ƙwaya a Amurka ya fi na Taiwan tsada da kusan rabi. Wannan ƙarin kuɗi ba ya ɓacewa, yana biyo na'urar har shago.

A ɓangaren Chana kuwa, Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. A ƙarshen Agustan 2023, daidai lokacin da sakatariyar cinikayyar Amurka Gina Raimondo ke ziyara a ƙasar, Huawei ya fitar da wayar Mate 60 Pro mai ɗauke da ƙwayar da kamfanin SMIC na Shanghai ya ƙera ba tare da babban injin ASML ba. A Janairun 2025 kamfanin DeepSeek ya fitar da manhajar ƙirƙirarriyar basira da ta goga kafaɗa da na Amurka, darajar Nvidia ta faɗi da kusan dala biliyan 600 a yini guda. Wannan ba ya nufin takunkumin ya tashi a banza, domin har yanzu Chana na baya a ƙwayoyin sahun gaba, kuma tana ƙera su da tsada. Amma ya yi wa Beijing aikin da umarnin gwamnati ya kasa yi mata: kamfanonin Chana da a da suke raina kayan gida, yanzu dole ta sa su saye. A 2024 gwamnatin ta kafa sabon asusu na yuan biliyan 344 domin wannan fanni, kuma tana gina masana'antun ƙwayoyi na matsakaicin aji da yawan da zai iya karya farashinsu a duniya.

Tarihi ma yana da abin cewa. A 1986 Amurka ta tilasta wa Japan sa hannu a wata yarjejeniya kan ƙwayoyin adana bayanai, a 1987 Ronald Reagan ya ɗora harajin kashi 100 a kan wasu kayan lantarkinta. Kasuwar ba ta koma Amurka ba. Samsung na Koriya ta Kudu ne ya shiga ta giɓin, har yau kuma shi da SK Hynix ke kan gaba. Bambancin shi ne Japan ƙawa ce da ta dogara da Amurka wajen tsaro, ta sunkuyar da kai. Chana ba ta cikin wannan hali.

Inda abin ya same mu

Harajin da Trump ya ɗora wa kayan Najeriya, kashi 14 a Afrilun 2025 sannan 15 a Agustan wannan shekarar, shi ne ya fi jan hankalin jaridunmu, amma shi ne mafi ƙarancin tasiri a wannan labari, domin mafi yawan abin da muke sayar wa Amurka ɗanyen mai ne da iskar gas, waɗanda aka keɓe. Babban tasirin ta wata ƙofa yake shigowa. Kayan da aka rufe wa ƙofa a Amurka da Turai dole su nemi wata kasuwa, kuma a 2025, yayin da kayan da Chana ke kai wa Amurka ke raguwa, waɗanda take kawowa Afirka sun ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Farantan sola su ne shaidar da kowa ke iya gani a kan rufin maƙwabcinsa. Chana ke da sama da kashi 80 cikin 100 na masana'antun wannan fanni, tana ƙera fiye da abin da za ta iya sayarwa. Amurka ta ɗora musu haraji, da kamfanonin suka koma Kambodiya da Biyetnam da Tailan da Malesiya, sai ta bi su can da wani harajin, wanda ga wasu kamfanonin Kambodiya ya haura kashi 3,500. Cibiyar bincike ta Ember ta ƙiyasta cewa farantan da Afirka ta shigo da su daga Chana sun ƙaru da kashi 60 cikin 100 a shekara guda zuwa Yunin 2025, Najeriya kuma ta zama ta biyu a nahiyar bayan Afirka ta Kudu. Ga mai shagon cajin waya, ko asibitin karkara, ko manomin rani da ya gaji da sayen fetur, wannan alheri ne tsantsa.

Ga mai son kafa masana'anta kuwa labarin daban ne, kuma Arewa ta san shi. Wanda ya girma a Kakuri ta Kaduna ya ga yadda masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, yayin da atamfar Chana ta cika Kantin Kwari. Rashin wuta da fasa-ƙwauri sun yi nasu ɓarnar kafin nan, amma arhar kayan waje ce ta ƙarasa su. A farkon 2025 an ji gwamnatin tarayya na maganar hana shigo da farantan sola domin ƙarfafa na gida. A ganina wannan zai zama maimaita kuskuren injunan wanki a ƙasar da ba ta da ƙarfin ɗaukarsa: za a tsawwala wa miliyoyin da ba su da wuta, domin kare 'yan masana'antun da su ma daga Chana suke sayo ƙwayoyin da suke jerawa a cikin faranti. Wanda ke son masana'anta ya fara da wutar da za ta juya ta.

Akwai kuma matsin lambar zaɓen ɓangare. Kaso mai yawa na turakun sadarwar Afirka da kayan Huawei da ZTE aka gina su, yayin da manhajojin da ke kan wayoyinmu na Amurka ne. Birtaniya ta ba kamfanoninta wa'adin 2027 su cire kayan Huawei daga layukan 5G, Amurka kuma ta ware biliyoyin daloli domin irin wannan aiki a ƙananan kamfanoninta. Babu ƙasar Afirka da ke da kuɗin yin haka idan aka matsa mata. A kwanakinsa na ƙarshe a mulki, Biden ya fitar da wata doka da ta kasa ƙasashen duniya gida uku wajen samun ƙwayoyin ƙirƙirarriyar basira, Najeriya da kusan dukkan Afirka suka faɗa aji na biyu mai ƙayyadadden kaso. Trump ya soke ta a watan Mayun 2025 kafin ta fara aiki. Ba a tuntuɓe mu ba wajen rubuta ta, ba a tuntuɓe mu ba wajen soke ta. Inda ya kamata ƙaramar ƙasa ta kai ƙara, wato Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya da Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabanta, kotun ɗaukaka ƙararta ta daina aiki tun Disambar 2019 saboda Amurka ta hana naɗa sabbin alƙalai. Ita Okonjo-Iweala ta yi gargaɗin cewa rabuwar duniya zuwa sansani biyu na iya rage arzikin duniya da kusan kashi 7 cikin 100 a tsawon lokaci.

Sauran batu shi ne na ma'adanai, inda ake yawan yi mana romon baka cewa lokacinmu ya zo. Gaskiya ne ana rububi. Kwango ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, ta ma dakatar da fitar da shi a Fabrairun 2025 domin ɗaga farashi. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen litiyom a 2022. A jihar Nasarawa wani kamfanin Chana ya buɗe masana'antar sarrafa litiyom a 2024. Amma ƙarfin da Beijing ta nuna a Geneva da Busan daga matatunta ya fito, waɗanda ta shafe shekara talatin tana ginawa tare da horar da injiniyoyinsu. Mai ramin haƙa yana da yawa a duniya, kuma ana iya maye gurbinsa. Indonesiya, wadda ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, ta samu matatu a ƙasarta, ko da yake mafi yawansu da jarin Chana aka gina su.

Filato ta taɓa ganin irin wannan rububi. A farkon shekarun 1950, lokacin yaƙin Koriya, gwamnatin Amurka ta riƙa sayen ma'adinin kolumbayit tana tarawa domin ƙera injunan jiragen yaƙi, kuma Najeriya ce ke samar da mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya. Farashi ya yi tashin gwauron zabi, 'yan ƙwadago suka yi ta kwarara zuwa Jos da Bukuru daga sassan Arewa. Da rumbun Washington ya cika, ta daina saye, farashin ya faɗi. Kududdufan da aka haƙa a zamanin kuza da kolumbayit suna nan har yau a gefen hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi, cike da ruwa.

Sulhun da aka ƙulla a Busan na shekara ɗaya ne, an tsayar da wa'adinsa zuwa Nuwambar 2026. Sulhun bai soke dokar lasisin da Chana ta kafa ranar 4 ga Afrilu, 2025 ba, bai kuma ɗage haramcin kai mata babban injin ASML ba.